Tarihin Ƙwallon Amurka Rana Bayan Rana: Tambayoyi da Amsoshi

Masu sha'awar ƙwallon ƙafar Amurka suna da al'adar jera tarihin wasansu bisa kwanakin shekara, ta yadda duk ranar da gari ya waye za a iya faɗin abin da ya taɓa faruwa a fili a irin wannan rana, da kuma fitattun 'yan wasan da aka haifa a cikinta. Ga wanda bai tashi a cikin wasan ba, wannan jeri ƙofa ce mai sauƙin shiga, amma yana da wuraren da ke ruɗa mai karatu idan bai san dalilan da ke bayan kwanakin ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi.

Mene ne ma'anar gridiron, kuma wane wasa ake nufi?

Asalin kalmar gridiron sunan ragar ƙarfe ce da ake gasa nama a kanta, irin wadda ake gani a gaban mai balangu. An laƙaba wa wasan wannan suna ne saboda fararen layukan da ake ja a fili duk bayan yadi biyar, waɗanda idan mutum ya hango su daga saman wurin zaman 'yan kallo sai ya ga kamar ragar gashi aka shimfiɗa. Sunan ya haɗa wasan Amurka da na Kanada, kuma dukansu jikokin zari-ruga ne, ba su da kusanci sosai da tamaular da muka saba da ita, domin da hannu ake ɗaukar ƙwallon a ruga da ita ko a jefa ta.

A tsarin Amurka kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11, tsawon fili yadi 100 ne ban da yankin ci na yadi 10 a kowane ƙarshe, kuma ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, in ta kasa ta miƙa wa abokan karawarta. Yadin nan shi ne dai wanda tela yake auna shadda da shi, ya ɗan gaza mita ɗaya. Shigar da ƙwallo yankin ci, wato tacdawun, maki 6 ne, bugun da ya ratsa tsakanin ƙarafan raga kuma maki 3.

Wace rana ce ake ɗauka a matsayin ranar haihuwar wasan?

Babu rana guda, kuma duk jerin da ya ba da ɗaya tilo ya zaɓi ɓangare ne kawai. Ranar da aka fi ambata ita ce 6 ga Nuwamba 1869, lokacin da ɗaliban jami'ar Rutgers suka doke na Princeton da ci 6 da 4 a garin New Brunswick na jihar New Jersey. Sai dai wanda ya kalli wancan wasa da idon yau ba zai gane shi ba, domin mutum 25 ne a kowane ɓangare, ƙwallon zagayayya ce, kuma ba a yarda a ɗauke ta a ruga ba. A gaskiya ya fi kama da tamaula. Ɗaukar ƙwallo da gudu ya samu gindin zama ne bayan da Harvard ta kara da jami'ar McGill ta Kanada a watan Mayun 1874, inda 'yan Harvard suka ɗanɗana dokokin zari-ruga suka ji sun kwanta musu.

Wanda ya raba wasan da zari-ruga shi ne Walter Camp na jami'ar Yale, wanda aka haifa ranar 7 ga Afrilu 1859. A 1880 ya kawo tsarin da ɓangarorin biyu suke jeruwa fuska da fuska kafin a fara kowane yunƙuri, a 1882 kuma ya kawo ƙa'idar cewa dole a ci yadi biyar cikin dama uku. Wannan ƙa'ida ce ta sa aka fara zana layukan da suka haifar da sunan gridiron. Jifan ƙwallo zuwa gaba, wanda a yau shi ne kwalliyar wasan, bai halatta ba sai a 1906, kuma jini ne ya jawo shi: a kakar 1905 aƙalla 'yan wasa 18 suka mutu, tun a farkon kakar ma Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa ranar 9 ga Oktoba na shekarar ya nemi a yi gyara.

Idan kuwa wasan ƙwararru ake magana, ranar ita ce 17 ga Satumba 1920. A daren ne wakilan ƙungiyoyi suka haɗu a shagon sayar da motoci na Ralph Hay a garin Canton na jihar Ohio. Kujeru ba su isa ba, wasu a kan matakalar motocin da aka jera don sayarwa suka zauna, kuma a haka suka kafa gasar da aka sauya wa suna zuwa NFL a watan Yunin 1922. Jim Thorpe suka naɗa shugaba, saboda sunansa ya fi na kowa sayuwa a lokacin. Albarkacin wannan zama ne aka gina zauren karrama gwarazan wasan a Canton, aka buɗe shi ranar 7 ga Satumba 1963 da mutum 17 na farko.

Me ya sa wasu watanni suke cike da labarai, wasu kuma fayau?

Saboda wasan na lokacin sanyi ne, kuma kakarsa gajera ce. Ana farawa a Satumba, a gama wasannin gasa a farkon Janairu, sannan a shiga zagayen kifa-ɗaya-ƙwala har zuwa wasan ƙarshe a Fabrairu. Kowace ƙungiya cikin 32 na NFL wasa 17 kacal take bugawa kafin wancan zagaye, abin da bai kai rabin na manyan gasannin tamaula na Turai ba, domin jikin ɗan Adam ba ya jure irin wannan karo sau biyu a mako.

Hatta kwanakin mako a rabe suke. Daren Juma'a na makarantun sakandare ne, Asabar ta jami'o'i, Lahadi kuma ta ƙwararru, kuma ba al'ada kaɗai ta tsara hakan ba. Wata dokar watsa wasanni da majalisar Amurka ta yi a 1961, aka faɗaɗa ta daga baya, ita ce ta sa NFL take kauce wa daren Juma'a da Asabar daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Disamba, don kada talabijin ya kwashe wa makarantu 'yan kallo. Wasan daren Litinin ya fara ne ranar 21 ga Satumba 1970, inda Cleveland Browns ta doke New York Jets da ci 31 da 21. Akwai kuma Alhamis ta huɗu a Nuwamba, ranar bikin godiya ta Amurkawa, wadda Detroit Lions take karɓar baƙi a cikinta tun 1934, Dallas Cowboys kuma tun 1966. Tunda bikin yana yawo tsakanin 22 da 28 ga wata, labaransa a warwatse suke cikin waɗannan kwanaki bakwai.

To, da me ake cike ranakun Maris zuwa Agusta?

Da abubuwan da suka faru a ofis da kan hanya, da kuma ranakun haihuwa. A Afrilu ake zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, inda ƙungiyar da ta fi shan kaye a kakar da ta wuce take fara ɗauka, kuma ranar 16 ga Afrilu 2000 ce aka fi tunawa, domin a ranar New England Patriots ta ɗauki Tom Brady a matsayin mutum na 199, bayan kowace ƙungiya ta wuce shi sau da yawa. Ranar 8 ga Yuni 1966 aka sanar da haɗewar NFL da kishiyarta AFL, ranar 11 ga Agusta 1919 kuma aka kafa Green Bay Packers. A daren 28 ga Maris 1984 manyan motocin kwashe kaya suka shiga sansanin ƙungiyar Colts a Baltimore cikin duhu, kafin gari ya waye sun kama hanyar Indianapolis da komai na ƙungiyar, kuma har yau akwai dattawan birnin da ba su yafe ba.

Ranar 21 ga Maris 1946 ta fi waɗannan duka nauyi a ganina. A ranar ne Los Angeles Rams ta sa hannu da Kenny Washington, abin da ya kawo ƙarshen shekara 12 da masu ƙungiyoyi suka yi ba sa ɗaukar baƙar fata, ba tare da sun taɓa rubuta hakan a matsayin doka ba. Kafin wancan shinge akwai baƙaƙe a gasar, har Fritz Pollard, wanda aka haifa ranar 27 ga Janairu 1894, ya horar da Akron Pros a 1921.

Wane wata ne ya fi tarin wasannin da ba a mantawa da su?

Disamba, kuma ba a kusa ba, domin kafin a ƙirƙiro Super Bowl, wato wasan ƙarshe na NFL a yanzu, galibi a cikinsa ake buga wasan ƙarshe. Ranar 18 ga Disamba 1932 ƙanƙara ta tilasta wa Chicago Bears da Portsmouth Spartans buga wasan raba gardama a cikin rufaffen zaure, a filin da bai wuce yadi 80 ba, a kan ƙasar da masu wasan dabbobi suka bari, Bears ta ci 9 da nema. Ranar 8 ga Disamba 1940 Bears ɗin ta lallasa Washington da ci 73 da nema a wasan ƙarshe, tazarar da ba a sake gani ba a NFL. Ranar 28 ga Disamba 1958 Baltimore Colts, ƙarƙashin jagorancin Johnny Unitas, ta doke New York Giants da ci 23 da 17 a ƙarin lokaci, mutum kimanin miliyan 45 suna kallo a talabijin, kuma masana da yawa daga nan suke ƙirga lokacin da wasan ƙwararru ya fara zarce na jami'o'i a zukatan Amurkawa.

Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne na 31 ga Disamba 1967 a Green Bay, tsakanin Packers da Dallas Cowboys. Ma'aunin sanyi ya sauka zuwa digiri 25 ƙasa da sifili, na'urar ɗumama ƙasa da aka binne a ƙarƙashin ciyawa ta ƙi aiki, filin ya daskare ya zama kamar daɓen siminti. Da alƙalin wasa ya busa usur na farko sai ƙarfen ya manne masa a leɓe, da ya cire shi fata ta biyo, daga nan alƙalai suka ajiye usur suka ci gaba da tsayar da wasa da baki. Duk da haka mutum sama da 50,000 suka zauna har ƙarshe. Saura daƙiƙa 16, Packers tana baya da maki 3 kuma tana dab da layin ci, sai madugunta Bart Starr ya ƙi miƙa ƙwallon ga masu gudu, domin ya ga ƙafafunsu suna zamewa a kan ƙanƙara, ya dunƙule ya kutsa da kansa ta bayan masu tare masa gaba. Aka tashi 21 da 17, Dallas ta koma gida hannu rabbana.

Sai kuma 23 ga Disamba 1972, lokacin da jifan Terry Bradshaw na Pittsburgh Steelers ya bugi mutane biyu da suka yi karo, ƙwallon ta dawo baya, Franco Harris ya cafe ta tana dab da taɓa ƙasa ya ruga ya ci Oakland Raiders. Magoya bayan Raiders har gobe suna musun wanda ƙwallon ta fara taɓawa, domin a dokar wancan zamani amsar ita ce ke nuna ko cin ya halatta.

Me ya sa kwanakin Super Bowl suke tsakanin Janairu da Fabrairu, kuma me ya sa shekarar take ruɗarwa?

An buga na farko ranar 15 ga Janairu 1967 a Los Angeles, Packers ta doke Kansas City Chiefs da ci 35 da 10, kuma ko tikiti ba a sayar duka ba. Yayin da kakar wasa take ƙara tsawo sai ranar ta riƙa matsawa gaba. Karo na farko da ta shiga Fabrairu shi ne 3 ga wata a 2002, saboda an ɗage wasanni na mako guda bayan harin 11 ga Satumba, tun daga 2004 kuma ba ta sake komawa Janairu ba. Daga 2022 Lahadi ta biyu a Fabrairu ce.

Ruɗanin yana zuwa ne daga cewa kaka tana ɗaukar sunan shekarar da ta fara, alhali wasan ƙarshenta a shekara mai zuwa ake buga shi. Miami Dolphins ta kakar 1972, wadda ta ci wasanninta 17 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ranar 14 ga Janairu 1973 ta ɗaga kofi. Don kauce wa wannan ne ake lissafa wasan da lambobin Romawa, in ban da na 50 da aka buga ranar 7 ga Fabrairu 2016, wanda aka rubuta da lamba ta yau da kullum.

A cikin kwanakin da suka fi fice akwai 12 ga Janairu 1969, ranar da Jets ta doke Colts da ci 16 da 7 bayan Joe Namath ya yi alkawarin nasara a bainar jama'a kowa yana yi masa dariya, da 31 ga Janairu 1988, ranar da Doug Williams na Washington ya zama baƙar fata na farko da ya ci kofin a matsayin kwatabak, wato mai jifa kuma madugun 'yan gaba. Ranar 5 ga Fabrairu 2017 Patriots tana baya da ci 28 da 3 ta farfaɗo ta doke Atlanta Falcons 34 da 28, ranar 7 ga Fabrairu 2021 kuma Brady ya ci kofinsa na bakwai yana da shekara 43.

Waɗanne ranakun haihuwa ne suka fi jan hankali?

Waɗanda suka zo da daidaituwa mai ban mamaki. Ranar 17 ga Satumba, ranar kafa NFL, ita ce ranar haihuwar George Blanda a 1927, mutumin da ya buga kaka 26 bai ajiye takalmi ba sai yana da shekara 48, kuma ita ce ta Patrick Mahomes a 1995, shekara 75 cif bayan zaman shagon motoci. Ranar 11 ga Yuni ta haɗa Vince Lombardi, kocin da kofin Super Bowl yake ɗauke da sunansa, wanda aka haifa a 1913, da Joe Montana da aka haifa a 1956 ya kuma ɗaga kofin sau huɗu. Ranar 15 ga Mayu ta Emmitt Smith ce a 1969 da Ray Lewis a 1975, ɗaya gwanin gudu da ƙwallo, ɗaya gwanin kayar da mai gudu. Drew Brees kuwa ranar 15 ga Janairu 1979 aka haife shi, shekara 12 daidai bayan Super Bowl na farko.

Sauran waɗanda ba a tsallake ranakunsu sun haɗa da Jim Brown, 17 ga Fabrairu 1936, da Peyton Manning, 24 ga Maris 1976, da Barry Sanders, 16 ga Yuli 1968, da Tom Brady, 3 ga Agusta 1977, da Jerry Rice, 13 ga Oktoba 1962. Ko 29 ga Fabrairu ba ta rasa nata ba, domin a irinta ta 1992 aka haifi Eric Kendricks, wanda ya daɗe yana tsaron baya a Minnesota Vikings.

Za a iya dogaro da kwanakin da ake gani a irin wannan jeri?

Na wasanni, galibi e, domin jaridu sun rubuta su washegari. Na haihuwa kuwa sai an yi hattara, musamman na mutanen da. Jim Thorpe, ɗan asalin ƙabilun farko na Amurka da ya ci zinare biyu a gasar Olamfik ta 1912, ba a samu takardar haihuwarsa ba, shi ya sa za a gan shi a 22 ga Mayu a wani wuri, a 28 ga Mayu a wani, shekarar ma wasu su ce 1887, wasu 1888. Walter Payton na Chicago Bears ya yi rayuwarsa ana rubuta masa 25 ga Yuli 1954, sai bayan rasuwarsa bincike ya nuna 1953 ce.

Tarihin ma yana sauyawa idan sabuwar hujja ta fito. An shafe shekaru ana cewa John Brallier ne ɗan wasa na farko da aka biya, dala 10 a 1895, har aka gina labarai a kan haka. A shekarun 1960 sai aka samo takardar lissafin kuɗi ta ƙungiyar Allegheny da ke Pittsburgh, wadda ta nuna an ba Pudge Heffelfinger dala 500 don wasa guda ranar 12 ga Nuwamba 1892. Tun daga nan wannan rana ta karɓe matsayin.

Tarkon da ya fi kama mai karatu daga wajen Amurka shi ne rubutun kwanan wata. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, don haka 2/3/2008 a wurinsu 3 ga Fabrairu ce, ranar da Giants ta karya wa Patriots kakar da ba a doke ta ba da ci 17 da 14. Wanda ya karanta ta a matsayin 2 ga Maris ya kai wasan cikin watan da ba a buga komai.

Akwai 'yan Afirka a cikin wannan tarihi?

Akwai, kuma 'yan Najeriya ne a sahun gaba. Wanda ya buɗe hanya a idon jama'a shi ne Christian Okoye, haifaffen Inugu ranar 16 ga Agusta 1961. Ya tafi jami'ar Azusa Pacific a Kalifoniya ne a matsayin mai jifan faifai, bai taɓa ƙwallon Amurka ba sai yana da shekara 23, bayan an bar shi a baya a tawagar Najeriya ta Olamfik ta 1984. Chiefs ta ɗauke shi a 1987, a 1989 kuma ya fi kowa a gasar gudu da ƙwallo, da yadi 1,480. Osi Umenyiora, wanda aka haifa a Landan ranar 16 ga Nuwamba 1981 ya kuma yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Najeriya, ya ci Super Bowl sau biyu da Giants, ranar 30 ga Satumba 2007 kuma ya kayar da kwatabak ɗin Philadelphia Eagles sau shida a wasa ɗaya. Shi ne ya jagoranci sansanin farko da NFL ta shirya a Afirka, a Ghana, cikin Yunin 2022.

Amobi Okoye, haifaffen jihar Anambra ranar 10 ga Yuni 1987, yana da shekara 19 Houston Texans ta ɗauke shi a matsayi na 10 a 2007. Ezekiel Ansah an haife shi a Akra ranar 29 ga Mayu 1989, Detroit kuma ta ɗauke shi na 5 a 2013. Ndamukong Suh, 6 ga Janairu 1987, mahaifinsa ɗan Kamaru ne. Emmanuel Ogbah kuwa a Legas aka haife shi ranar 6 ga Nuwamba 1993, wato ya yi tarayya da wasan Rutgers da Princeton a rana ɗaya.

Musulmi fa, akwai ranakunsu?

Akwai, kuma biyu daga ciki na mutum ɗaya ne. Husain Abdullah, wanda aka haifa ranar 27 ga Yuli 1985, ya ajiye kakar 2012 gaba ɗaya shi da yayansa Hamza suka tafi aikin Hajji, a sana'ar da shekara guda a waje tana iya zama ƙarshen mutum. Ya dawo ya samu gurbi a Chiefs, ranar 29 ga Satumba 2014 kuma ya tare jifan Tom Brady ya ruga da ƙwallon har yankin ci, ya zame a kan gwiwa ya yi sujada. Alƙali ya ci tarar ƙungiyarsa yadi 15, washegari NFL ta fito ta ce hukuncin kuskure ne, domin dokar hana murna a ƙasa ba ta shafi ibada ba. Robert Saleh, haifaffen 31 ga Janairu 1979, shi ne Musulmi na farko da ya zama babban koci a gasar, lokacin da Jets ta naɗa shi a Janairun 2021.

Ana saka ranakun baƙin ciki a jerin?

Ana sakawa. Ranar 14 ga Nuwamba 1970 jirgin da ya ɗauko ƙungiyar jami'ar Marshall ya faɗi, mutum 75 suka rasu. Ranar 24 ga Oktoba 1971 Chuck Hughes na Detroit ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa bai tashi ba. Ranar 2 ga Janairu 2023 zuciyar Damar Hamlin na Buffalo Bills ta tsaya bayan karo, likitoci suka farfaɗo da shi a filin, aka soke wasan, shi kuma ya warke ya koma fagen fama. Ana kuma tuna 24 ga Nuwamba 1963, lokacin da NFL ta buga wasanninta kwana biyu bayan kisan Shugaba Kennedy, shawarar da shugaban gasar Pete Rozelle ya yi nadamarta daga baya.

Ina matsayin Kanada?

Tana da nata kalandar, kuma kofinta ya girmi Super Bowl nesa ba kusa ba. An fara buga Grey Cup ranar 4 ga Disamba 1909, jami'ar Toronto ta ci 26 da 6. A can mutum 12 ne a kowane ɓangare, dama uku ce maimakon huɗu, fili kuma yadi 110 ne. Wasan ƙarshe na 1962 yana da kwanan wata biyu, domin hazo ya rufe filin a Toronto ranar 1 ga Disamba har 'yan kallo suka daina ganin 'yan wasa, aka dakatar, aka ƙarasa washegari Winnipeg tana gaban Hamilton da ci 28 da 27. Warren Moon, haifaffen 18 ga Nuwamba 1956, ya ci kofin sau biyar a jere da Edmonton daga 1978 zuwa 1982 kafin ya koma NFL, kuma yana cikin zauren gwarazan ƙasashen biyu.

Idan aka ce an kafa tarihi a rana kaza, za a iya kwatanta shi da na yau?

Ba kai tsaye ba. Wasannin kaka 12 ne daga 1947 zuwa 1960, suka zama 14, suka zama 16 a 1978, sannan 17 a 2021. O.J. Simpson ya haye yadi 2,000 ranar 16 ga Disamba 1973 cikin wasa 14, Eric Dickerson kuma ya kai 2,105 a 1984 cikin 16, kuma wanda bai san bambancin ba zai yi wa na farko rashin adalci. Kayar da kwatabak ma ba a fara ƙirga shi a hukumance ba sai a 1982. Wasu alƙaluman kuwa na wata duniya ce dabam, kamar 222 da nema da Georgia Tech ta yi wa Cumberland ranar 7 ga Oktoba 1916. Cumberland ta riga ta rushe ƙungiyarta, amma da ta ƙi zuwa sai ta biya tarar dala 3,000, don haka ta tattaro ɗaliban da ta samu ta tura su, kocin Georgia Tech John Heisman kuma yana riƙe da haushin kayen da Cumberland ta yi wa makarantarsa a wasan ƙwallon gora na besbol.

Me ya sa ranar da na kalli wasa ba ta dace da wadda aka rubuta ba?

Saboda jerin agogon Amurka yake bi. Ana take Super Bowl da misalin ƙarfe 6:30 na yamma a gabashin Amurka, wanda a Kano da Zinder ƙarfe 12:30 ne na dare, Litinin ta riga ta shiga, alhali a Kumasi ƙarfe 11:30 ne na daren Lahadi. Wanda ya kalli Eagles tana doke Chiefs da ci 40 da 22 daga Kano, a 10 ga Fabrairu 2025 ya kalla bisa kalandarsa, amma littafin tarihi 9 ga wata zai rubuta. Haka wasannin daren Litinin da na daren Alhamis suke faɗowa cikin Talata da Juma'a a nan. Wasannin ranar Lahadi na farko ba su da wannan matsala, domin ƙarfe 6 na yamma suke farawa a agogon Najeriya da Nijar, su koma ƙarfe 7 daga farkon Nuwamba idan Amurka ta mayar da agogonta baya. Haka ma waɗanda ake bugawa a Turai, tun daga na filin Wembley a Landan ranar 28 ga Oktoba 2007, inda Giants ta doke Dolphins da ci 13 da 10 cikin ruwan sama da taɓo.